Masara a sito, barci ya gagara

Wani ɗan'uwa daga kasuwar Tudun Hatsi a Gombe ya turo min saƙo, ya ce ya tara masara a sito farashi kuma sai sauka yake, da dare ba barci sai tunani, har ya fara jin ya tsani kasuwar gaba ɗaya, wai ko ya kwashe komai ya sayar ya sayi keke napep.

To Alhaji, dan Allah kar ka yanke hukunci kan sana'arka da ƙarfe biyun dare. Tunanin nan da kake ta juyawa a kan gado abu ɗaya ne kake ta maimaitawa, babu lamba a ciki, sai dai "in ya ƙara faɗuwa fa?" Shi kuma jiki bai san bambanci ba, yana ta sakin kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin tsoro ko damuwa, kamar ana bin ka da gudu, ka wayi gari a gajiye, yaron shago ya yi ɗan kuskure ka hau shi da faɗa, mai saye ya taya ka ji kamar ya zage ka, sai ka ɗauka kasuwar ce ta ishe ka alhali rashin barci ne.

Ka samu littafi, bayan la'asar ka zauna ka rubuta nawa ka sayi buhu, kuɗin dako, hayar sito, maganin ƙwari, ladan dillali, da kuɗin mota wanda ka san tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zama wani abu daban. Daga nan za ka ga ainihin inda asara take farawa, wataƙila ma ba ta kai yadda kake zato ba. Sai ka tsayar da farashi tun yanzu, in buhu ya sauka zuwa kaza zan saki kashi ɗaya cikin uku, ka faɗa wa dillalinka, shikenan ka rufe littafi.

Guruf-guruf ɗin farashi na WhatsApp kuma, wallahi bayan isha'i ka kashe data, ba mai sayen masara a lokacin.

Maganar keke ka ajiye ta tukun, shi ma akwai mai da bakanike suna jiran ka. In kana yawan jin ciwon kai ka leƙa asibiti a auna maka hawan jini, sannan ka turo min lissafin mu duba tare.