Bambancin "I saw him cross" da "I saw him crossing"

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ake cewa "I saw him cross the road" babu "to", da kuma bambancinsa da "crossing".

Aikatau na gani da ji, wato see, hear, watch, feel da notice, ba sa yarda a sa "to" kafin aikatau na biyu. "I saw him to cross" kuskure ne, haka ma "I saw him crossed", wanda ɗalibai suka fi faɗawa ciki don suna ganin ai abin ya riga ya wuce. Aikatau na farko ne ke ɗauke da lokaci, na biyun kuwa tsurarsa ake barinsa.

Sai maganar bambanci, kuma nan nake so ka natsu. In ka ce "cross", ka ga mutumin tun daga saukowarsa titi har ya taka wancan gefen. In ka ce "crossing", tsakiyar titi ka hango shi, ko ya ƙarasa ko ya juyo, jimlar ba ta faɗa ba. Mu ma haka muke rarrabewa: "na ga ya tsallaka" daban, "na gan shi yana tsallakawa" daban. Shi ya sa "I heard the door slam" bugu ɗaya ne, amma "I heard someone knocking" ƙwanƙwasawa ce ake ta maimaitawa.

Ka kula da wuri guda: idan aka juya jimlar ba a ambaci wanda ya gani ba, "to" yana dawowa. Sai a ce "He was seen to cross the road", ko da yake "He was seen crossing" ya fi yawa a bakin Turawa.