Wa ya fi kowa cin kuɗi a cacar sukuwa?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a kan wanda ya fi shahara a cacar tseren dawaki. A ganina Bill Benter ne, Ba'amurke daga Pittsburgh. Bayan gidajen caca na Las Vegas sun hana shi wasan karta, ya koma Hong Kong a tsakiyar shekarun 1980, inda ya yi aiki tare da Alan Woods, ɗan Ostareliya. Da farko asara suka tafka. Benter ya dage, ya rubuta manhajar kwamfuta mai auna saurin doki, mahayinsa da yanayin fili, har aka ƙiyasta ya ci kusan dala biliyan 1.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kuɗin nan daga aljihun dubban talakawan da suka faɗi ya fito.