Kafin ki sa ƙafa a ruwan mutane

Hadiza 'yata, bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso ni. Kin ce malaminku na jami'a a Akoka ya ba ki aikin ɗibar ruwa da ƙwari daga Kogin Ogun da ƙoramun wajen Ikorodu, Goggonki kuma ta ce kada ki kuskura ki shiga sai kin nemi izinin masu ruwan, yadda ake yi a gida Kabi. Ke kuwa kina tambaya ko wannan ba camfi ba ne, tunda ruwa na Allah ne, ga kuma takardar makaranta a hannunki.

Ki nemi izinin. Goggonki ta yi gaskiya, ko da ba ta gaya miki dalili ba.

Mu Sarkawa ba mu taɓa ɗaukar ruwa a matsayin abin da ba shi da mai kula ba. Kowane gurbi da mai shi, a saman su duka kuma akwai Sarkin Ruwa. Shi ke cewa an rufe, shi ke cewa an buɗe, kuma ba wanda zai jefa taru a babban gurbi kafin a yi fashin ruwa, wato bikin buɗe ruwa. Da muna yara abin da ake gaya mana shi ne in ka shiga kafin lokaci, mutanen ruwa za su riƙe maka ƙafa. Wannan maganar tsoratar da yara ce, ni ma ban ce ki yarda da ita ba. Amma dubi lokacin da ake rufewar. Idan damina ta kankama, gulbi ya cika ya malala cikin fadama, a nan tarwaɗa da balli da karfasa suke hawa cikin ciyawa su zuba ƙwai. Balli har sheƙa yake yi da ciyawa, zagayayya, ya tsaya yana gadin 'ya'yansa. 'Ya'yan kifin nan a fadama suke girma, inda ruwa ke da ɗumi, abinci kuma ya wadata. Sai ruwa ya fara janyewa su gangaro su taru a gurabu masu zurfi. Wanda ya kama uwa da ƙwai a cikinta ya cinye kifin baɗi tun bana. Kakanninki ba su da madubin ƙara girman abu irin naku, amma sun fasa cikin kifi dubu nawa, sun san watan da ƙwai ke nuna.

Ko bikin Argungu da kike gani a talabijin, wanda aka soma a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ai da hani yake tsaye. Ana barin Matan Fada, kogin da ake bikin a cikinsa, ya huta, shi ya sa mutum da koma da gora kawai yake fito da giwan ruwa da sai an taimaka masa ɗauka. Da kullum ana su a wurin, da ba a ga irinsa ba.

Abin da dokar Sarkin Ruwa ba ta iya ba shi ne dam. Da aka gama Bakolori a 1978, aka bi da Goronyo a kan Rima a 1984, ambaliyar da ke shiga fadamun ƙasa ta ragu, ta kuma daina zuwa a kan lokacinta. Kifi ya rasa wurin haihuwa, masu shinkafa ma suka ji a jikinsu. Yawancin 'yan uwanmu da kike gani sun watsu har nan Ikko, kamun da ya ja baya yana cikin abin da ya taso su. Sannan ga masu zuba guba. Da can magimfa ce ake dakawa a zuba, ita ma dattawa suna faɗa a kanta. Daga baya aka koma gamalin, maganin ƙwari, wanda ba ya barin babba ba ya barin ƙarami, har kwaɗo da ƙaguwa. A inda Sarkin Ruwa yake da baki, mai yin haka ba ya kwana lafiya a garin.

Kada kuma ki ɗauka duk abin da muka gada daidai ne. A zamaninmu yaro in ya fara fitsarin jini, wasu cewa suke ya balaga. Ashe tsargiya ce, daga katantanwar da ke cikin ruwan da ba ya gudu. Wannan ku ne kuka gano, mu muna kallo shekara da shekaru. Haka nan yanka da ake yi wa ruwa a wasu wurare, ba ruwanki da shi, ba kuma wanda zai tilasta miki.

To yanzu batun nan Legas. Ba Sarkin Ruwanmu a Ikorodu, amma akwai Bale, wato mai gari a wurin Yarbawa, akwai shugabannin masunta na Ijebu da Ilaje da Egun, kuma su ma ruwansu a rabe yake. Idan kin bi ta babbar gadar nan ta uku kin ga rassan itace an kakkafa cikin ruwa wajen Makoko, ba shara ba ce. Akaja ke nan, gonar kifi ce ta wani. Gansakuka na kama rassan, ƙananan kifi su zo ci su kuma ɓuya, bayan watanni mai ita ya kewaye ta da raga ya kwashe. Baƙuwa ta zo da kwale-kwale ta ratsa ciki tana tsoma kwalba, me kike so mai ita ya zata? Wanda ya taɓa asarar kifi saboda guba, in ya ga ana zuba wani ruwa daga kwalba a bakin rafi, ba zai tsaya tambayar sunan jami'a ba.

Ban da tsaron lafiyarki, akwai ribar aikin kansa. Kin ce kuna ɗaga dutse ku kankare ƙwarin da ke manne a ƙasansa, in kun ga masu gina wa kansu ɗan gida da yashi da tsinke ku san ruwan yana da iska mai kyau, in kuwa jajayen tsutsotsi ne kawai cikin baƙin laka ku san ya lalace. Madalla, wannan ilimi ne, na ji daɗinsa. Sai dai abin da kwalbarki za ta gaya miki na ranar da kika je ne kawai. Tsohon da ya shekara arba'in a wurin shi zai ce miki da can ana kama kifi iri kaza a nan, yanzu an daina gani. Shi ya san daren da ruwa ke canza launi idan wata masana'anta ta saki dattinta, alhali ke da rana kike zuwa. Shi ya san yadda ruwan gishiri ke hawowa da rani ya kashe ciyawar nan mai shuɗin fure da ta shigo ta Badagry wajen 1984 take toshe hanyar jirage, ta kuma dawo da damina idan Ogun ya kawo ruwan daɗi. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga yadda za ki yi. Kada ki tafi ke kaɗai ranar farko, ki tafi da yayanki, ku sami wanda ke jin Yarbanci sosai. Ku fara sauka gidan Bale kafin bakin ruwa. Ki rusuna ki gaida shi, ki riƙe ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, ki buɗe jakarki ya ga raga da kwalabe da idonsa, ki gaya masa abin da ke cikin kowace. Ki tambaya ko akwai ranar da ba a shiga ko wurin da ba a taɓawa, in sun ce akwai, ki bar shi, ko da dalilin bai gamsar da ke ba. Ki ɗauki ɗansu ya tuƙa ki, ki biya shi. In kin gama, ki koma ki faɗa musu abin da kika samu, musamman in ruwan da yaransu ke wanka a ciki yana da katantanwar tsargiya.

Ki sa dogon takalmin roba, kada ki shiga da ƙafa tsirara. In an saki ruwa daga dam ɗin Oyan, Ogun yana hawa ba sallama, don haka ki tambaya kafin ki fita a watan tara da na goma. Ranar Juma'a in kin shigo Agege ki zo da littafin naku mai hotunan kifi, in gaya miki sunayensu da Hausa ki rubuta a gefe. Ki gaida Goggonki.