Jinin dasashi da asuwakin mai azumi bayan rana ta karkata

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne a nan Damagaram, shagona yana kusa da Kasuwar Dole. Kusan shekara biyu ke nan dasashina yana zubar da jini. Da fari sai na yi asuwaki yake fitowa, yanzu kuwa ko barcin rana na yi na farka sai in ji ɗanɗanonsa a bakina, wani lokaci ma ina tsakiyar ɗinki. Da azumin nan ya kama, tsoro ya sa na ajiye asuwaki da buroshi gaba ɗaya, yau kwana 12, har mai ɗakina ta fara yi mini magana a kan warin bakina. Wani abokina da ya yi karatu a waje ya ce daidai na yi, wai asuwaki bayan rana ta karkata makaruhi ne ga mai azumi, don yana kawar da warin da Allah yake so. Shin akwai ramuwa a kaina? Alwalata fa? Kuma in ci gaba da barin asuwakin har salla?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan uwa, Allah ya ba ka lafiya. Alwala tukuna, don ita ce mai sauƙi. Jinin baki ba ya warware ta a mazhabarmu ta Malikiyya. Ka kurkure bakinka ka yi sallarka. Ɗan abin da ya taɓa hankici ko bakin riga, in bai kai faɗin dirhami ba, an yi afuwa a kansa.

Batun azumi kuwa, akwai magana ɗaya a cikin tambayarka da hukuncin ya rataya a kanta, wato cewar da ka yi jinin yana fitowa ko ba ka taɓa wurin ba, kana barci ko kana kan keke, kuma ya daɗe yana haka. Da ce mini ka yi sau ɗaya ne ka dirje dasashinka da ƙarfi, jini ya taru, kana iya tofarwa amma ka haɗiye, da na ce ka rama wannan ranar. Naka ya zama lalura mai lizimta. Abin da ya gauraya da yawu ya wuce ba da nufinka ba, ko ya wuce kana barci, babu ramuwa a kansa, kwanakinka 12 suna nan daram in Allah ya yarda. Abin da aka ɗora maka shi ne duk lokacin da ka ji ya taru ka tofar, in ka tashi daga barci ka kurkure a hankali. Da zarar yawu ya koma fari, haɗiye abinka.

Ina jan kunnenka a nan, don na san inda irin wannan yake kai mutum. Kada ka zama mai yawo da gwangwanin tofi, kana leƙa madubi bayan kowace kalma, kana ƙirga sau nawa maƙoshinka ya motsa. Na ga waɗanda wasuwasi ya kama ta wannan ƙofar, suka wuni suna tofar da yawu a zafin Damagaram har leɓɓansu suka tsattsage kafin la'asar. Shari'a ba ta nemi haka daga gare ka ba. Abin da kake shakka a kai, ya wuce ko bai wuce ba, ka ɗauka bai wuce ba.

Sai maganar abokinka. Ba shi ya ƙago ta ba, kuma ba na so ka raina shi a kanta. Ra'ayi ne na Imamu Shafi'i, shi ne kuma ya shahara a mazhabar Imamu Ahmad, cewa an karhanta wa mai azumi asuwaki daga zawali, wato karkatawar rana, zuwa faɗuwarta. Amma ka lura, ko su masu ra'ayin ba su ce azumi ya ɓaci ba, ba su kuma hana asuwaki da safe ko da dare ba. Kai ka bar shi dare da rana, ka wuce ma inda suka tsaya. Sannan shi kansa ra'ayin ina ganin mai rauni ne, ga kuma dalilina.

Hujjarsu mafi girma ita ce hadisin da kowa ya haddace, cewa warin bakin mai azumi ya fi almiski ƙamshi a wurin Allah. Hadisin ingantacce ne, babu mai ja. Sai dai yabo ne ga mai azumi da lallashin zuciyarsa a kan abin da ya same shi ba da son ransa ba. Babu umarni a cikinsa cewa a tsare warin ko a ƙara masa ƙarfi. Kuma wannan canjin numfashin yana tasowa ne daga cikin da ya wuni babu abinci da bakin da yawu ya ƙafe masa. Ice yana goge haƙora da harshe, ba ya kaiwa can. Duk wanda ya yi asuwaki da azahar a watan azumi ya san kafin la'asar sakaliya abin ya dawo.

Ga kuma hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da asuwaki a kowace salla. Azahar da la'asar duk bayan zawali suke. Shi da ya azumci Ramadan shekara 9 a Madina bai manta da mai azumi ba lokacin da yake faɗin haka, kuma bai cire shi ba. Wanda zai cire shi, shi ne zai kawo nassi. Nassin da suke kawowa, mai cewa in kuna azumi ku yi asuwaki da safe kada ku yi da yamma, malaman hadisi sun raunana shi, cikinsu har da Daraƙuɗni da ya ruwaito shi. Don adalci kuma in gaya maka, hadisin Amiru ɗan Rabi'a da namu ɓangaren suke yawan kawowa, cewa ya ga Annabi yana asuwaki yana azumi ba adadi, shi ma akwai magana a kan wani mai ruwaya a cikinsa, shi ya sa ban jingina da shi ba.

Wasu sukan yi ƙiyasi da jinin shahidi, su ce ai shi ma ba a wanke shi don alamar ibada ne. Jinin shahidi nassi ne ya zo ƙarara a bar shi, nan kuwa babu irinsa. An ruwaito cewa an kawo wa Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya ƙara masa yarda, wannan maganar, ya yi tasbihi don mamaki, ya nuna cewa Annabi ya umarce su da asuwaki alhali ya san dole bakin mai azumi ya canza, kuma ba zai umarce su su ɓata bakunansu da gangan ba. Ya kwatanta da ƙurar da ke samun ƙafar mai tafiya saboda Allah: lada na wanda ta same shi a hanya ne, wanda ya je ya yi birgima a cikinta da gangan ba shi da komai.

Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, ya faɗa a Muwaɗɗa cewa ya ji ma'abota ilimi ba sa ƙin asuwaki ga mai azumi a kowace sa'a ta wuni, farkonsa ko ƙarshensa. Wannan aikin mutanen Madina ne. Risalar Ibnu Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan unguwannin Birni da Zango na Damagaram ita ma ta ce babu laifi a dukkan wunin. Har Imamu Nawawi, babba a cikin Shafi'awa, ya zaɓi rashin karhancin saboda ƙarfin dalili. In mutanen gida sun saki ra'ayi, ban ga abin da zai sa kai da kake kan mazhabar Malik ka ɗauke shi ka aza wa kanka ba.

Kuma bari in gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. Warin da mai ɗakinka take ji ba shi ne wanda hadisi ya yaba ba. Warin dasashi ne mai ciwo da dattin kwana 12 da ya taru a gindin haƙora. Ta kyauta da ta faɗa maka, ka gode mata. Mai kawo ɗinki da kake sunkuyawa kana auna masa wuya, da wanda kuke haɗa kafaɗa a sahun asham, ba za su faɗa ba, sai dai su kau da kai. An hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci don kada ya cutar da mutane da mala'iku, ka auna naka da wannan.

Saboda haka ka koma asuwakinka yau. Da rana ka riƙe busasshen ice, ka ɗan jiƙa kansa da ruwa ya yi laushi. Malamanmu sun karhanta ɗanye mai ruwa, irin reshen dogon yaro da aka karyo yanzu, don tsoron abin da ke tatsuwa daga gare shi ya wuce maƙoshi, duk da cewa Ibnu Sirin ya sassauta, ya ce ai ruwa ma yana da ɗanɗano kuma ana kurkure baki da shi. Wanda ake sayarwa cikin leda da ɗanɗanon na'ana'a ko lemun tsami, bar shi sai dare. Haka man goge baki. Shi kansa ba ya karya azumi, amma yana da saurin zarcewa, kuma a mazhabarmu in ya kai maƙoshi a azumin farilla akwai ramuwa ko da rinjayarka ya yi. Kana da dare guda: sau ɗaya kafin ka kwanta, sau ɗaya bayan sahur kafin alfijir, kamar minti 2 kowane, da buroshi mai laushi da man da ke da sinadarin fuloraid. Ka bi layin da haƙori ya haɗu da dasashi a hankali, ban da dirza. In gashin buroshin ya baje, ko ya kai wata 3, ka canza.

Za ka ga jini a kwanakin farko, kada ya sa ka daina. Mafi yawan irin wannan jinin daga dattin da ke manne a gindin haƙori ne, shi ke kumbura dasashi. In an bar shi sai ya daskare ya zama kamar dutse, launin rawaya ko baƙi-baƙi, musamman a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Ka sa harshenka a wurin yanzu, mai yiwuwa ka ji kaushinsa. Wanda ya daina gogewa don tsoron jini ƙara wa ciwon abinci yake yi. Wanda ya riga ya daskare kuwa babu icen da zai cire shi, sai likitan haƙori ya kankare da na'ura. Ciwon da ya shekara biyu ya wuce na jira. Ka je Babban Asibitin Zinder ko wurin wani likitan haƙori mai takarda, ka kuma roƙa a auna maka sukari, don ciwon sukari da ciwon dasashi suna yawan tafiya tare. In kana shan wani magani kullum, irin masu tsinka jini, ka faɗa masa. Kada ka ce sai bayan salla saboda azumi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa wanke haƙori da cike shi da cire shi ba sa karya azumi matuƙar an kiyaye haɗiye abin da ya kai maƙoshi. Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ita ma ba ci ba ce ba sha ba.

Ni kaina na yi sakaci irin wannan, shi ya sa nake matsa maka. Wani turmin haƙorina ya yi kogo, na yi watanni ina cusa kanumfari, zafi ya lafa in ce na warke. Ranar da kumatuna ya kumbura ko buɗe baki ban iya yi sosai, kwana biyu wani ne ya ja salla a madadina, da na je kuma aka ce ya wuce cikewa, sai cirewa. Kanumfari yana kwantar da zafi, ba ya toshe kogo. Haƙora 32 aka ba babba, wanda ya fita ba ya dawowa, kuma ka tuna haruffa nawa ne na Alƙur'ani mafitarsu take jikin haƙoran gaba. Dattijon da ya rasa su ya san wahalar da yake sha wajen fitar da sinun a Fatiha.

Ku teloli kuma kuna da wata ɗabi'a da nake gani in na kai ɗinki: tsinke zare da haƙori, riƙe allura a baki, sakace da tsinin fil bayan cin nama. Duk suna yanka dasashin da ya riga ya kumbura. Almakashi na gefenka. Ka rage shayin dare mai sukari da ake jerawa zagaye uku bayan asham, ko aƙalla ka kurkure bayansa, goro ma kada ya kwana a bakinka. Gawayi da toka da wasu ke dirzawa don haƙori ya yi fari suna cinye bayan haƙorin ne a hankali. In zafi ya taso kada ka ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona naman take yi, balle ruwan batir da na ji wasu suna ɗigawa a kogo, wannan cutar da kai ne kuma haramun ne. Masu cire haƙori a bakin kasuwa da ƙarfe ɗaya ga kowa, ka nisance su, ta irin wannan hanyar ciwon hanta yake wucewa daga jinin wani zuwa na wani. Asuwakinka da buroshinka kuma naka ne kai kaɗai, kada yara su ɗauka.

In bayan an kankare maka ka yi mako biyu kana gogewa yadda na faɗa jinin bai tsaya ba, ko ka ji wani haƙori yana girgiɗi, ka koma wurin likitan, kada ka jira. Allah ya karɓi azuminmu da naka, ya ba ka lafiya. Wallahu a'alam.