Amsa ga Kawu kan shirin zuwa Shikago a watan Janairu

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Hajiya da sauran mutanen gida, saƙonka ya iso, kuma na ga tambaya biyu ce a haɗe: abin da za ku zuba a akwati, da kuma ko gaskiya ne Hausawan da ke nan sun jingine babbar riga sun koma shigar Turawa. Zan fara da yanayin garin, domin wanda bai san shi ba ba zai gane dalilin shigar tamu ba.

Shikago, a nan Amurka, a bakin Tafkin Mishigan take, tafkin da idan mutum ya tsaya a gaɓarsa ba ya hango ɗaya gaɓar, sai ya zaci teku ne. A watan Janairu ma'aunin zafi yakan tsaya wajen sifiri da rana, da dare kuma ya sauka zuwa digiri 7 ko 8 ƙasa da sifiri, alhali hunturun Kano da ke sa mu hura wuta a tsakar gida yakan tsaya ne a kan digiri goma sha wani abu sama da sifiri. Wannan shi ne na yau da kullum. A ƙarshen Janairun 2019 ina nan sanyin ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, aka rufe makarantu, aka dakatar da raba wasiƙu, kuma likitoci suka yi gargaɗin cewa fatar da ba a rufe ba za ta iya daskarewa cikin minti goma. Amma abin da ya fi wahalar da baƙo iska ce, wadda take kaɗawa tsakanin dogayen benaye da kuma bakin tafki, ta ratsa duk wata kafa da ke jikin tufa. Idan kuka ji an ce 32 a talabijin kada ku yi murna, domin ma'aunin Amurka daban ne da namu, kuma 32 ɗinsu ita ce sifirinmu.

Shawarata ta farko ita ce kada ku kashe kuɗi a kan babbar rigar sanyi ta waje a gida. Na san a Ƙofar Wambai ana samun jaket na gwanjo masu kauri, kuma ni ma da irinta na zo shekarar farko, da takalmin kambas da safar auduga. Ban manta safiyar da na tsaya jiran jirgin ƙasa ba, kunnuwana suka fara zafi, daga baya na daina jin su gaba ɗaya, wanda ashe shi ne alamar haɗarin. Kauri a ido ba shi ne ɗumi ba. Rigar da ake buƙata ita ce wadda aka cusa wa gashin agwagwa ko makamancinsa, wadda iska ba ta ratsa ta, ta sauko har cinya, kuma tana da hula a jikinta. Irin wannan a nan ta fi samuwa. Al'adarmu kuwa, mu da 'yan'uwanmu na Nijar da Gana da muke haɗuwa a masallaci da wurin suna, ita ce duk wanda zai je filin jirgin O'Hare tarbar baƙo daga gida a wannan lokaci, da riga da hula da safar hannu yake tafiya. Kusan kowane gida yana da rigar baƙi a rataye, wadda ta rufa wa mutane da yawa asiri a makonsu na farko.

Abin da za ku taho da shi kayan ciki ne, domin shigar sanyi hawa-hawa ake yin ta. Hawan farko 'yar ciki ce mai dogon hannu da dogon wando mai kama jiki, na ulu ko na zaren roba. A guji auduga a nan, saboda tana shan gumi ta riƙe shi, idan an fita waje kuma gumin ya huce a jiki. A kan wannan sai suwaita, sannan rigar waje. Hikimar ita ce cikin gidaje da shaguna da motoci akwai ɗumi sosai, har dokar gari ta wajabta wa masu gidajen haya su riƙe ɗakuna a kan digiri 20 da rana tun daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Yuni, don haka mutum yana wuni ne yana tuɓewa yana mayarwa.

Yanzu ga maganar babbar riga. Ba mu jingine ta ba, Kawu, mun dai sake mata muhalli. Shadda, duk tsadarta da ƙyallinta, ba ta tare iska ko kaɗan, kuma hannun babbar riga a buɗe yake, ga shi gindinta yana sharar dusar ƙanƙara da ta narke ta gauraya da gishirin da ake watsawa a titi, wanda yakan bar farin tabo. Saboda haka ranar Juma'a muna sa kaftani a kan 'yar ciki da suwaita mara kauri, mu ɗora rigar waje, babbar rigar kuwa a ninke take cikin jaka sai an shiga zauren biki a zura ta. Zanna bukar ma a aljihu take tafiya, domin ba ta rufe kunne. Sau da yawa nakan ce kakanninmu da suka ɗinka haɓar kada sun fi mu shirin zuwa Shikago. Ku taho da kaftani uku da babbar riga ɗaya, sun isa. Hajiya kuma za ta fi jin daɗin doguwar riga ko abaya da dogon wando mai ɗumi a ciki, domin zanin atamfa iska takan shiga ta ƙasansa. Matanmu sukan sa hular ulu a ƙarƙashin hijabi, su kuma zaɓi mayafi mai kauri.

Takalmi shi ne abin da na fi jin tsoro ga masu shekaru. Dusar da ta narke da rana takan sake daskarewa da dare ta zama ƙanƙara mai santsi da ido ba ya gani, kuma takalmin fata mai sulɓin ƙasa kayar da mutum yake yi. Ana buƙatar but mai kaushin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga, mai ɗan yalwa don safar ulu ta samu wuri. Idan kana da huffi na fata ka taho da shi, domin shafa a kansa yana sauƙaƙa alwala a waje, musamman da yake rana takan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, azahar da la'asar da magariba su zo kusa da juna mutum yana kan hanya. A tsane hannu da fuska sosai bayan alwala kafin a fita.

Man kaɗanya kuwa ku cika gwangwani, domin iskar ɗumama ɗaki tana busar da fata fiye da hunturu, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Magungunanku su kasance cikin kwalayensu a jakar hannu, tare da suwaita da safa, ko da akwati zai makara. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa muna maraba da su, a dai bayyana su ga jami'an kwastan idan an sauka. Kilishi da dambun nama kada a wahalar da kai, dokar Amurka ta hana shigo da irin wannan nama, kuma karɓewa za a yi. Akwai mahautan halal a titin Devon, za mu yi muku tsire a gida.

Ina roƙon ka sa a turo mini lambar takalminka da ta Hajiya, da ranar tashinku da lambar jirgi, domin in sayi but ɗin tun kafin ku iso. A gaida Hajiya da su Goggo. Allah ya kawo ku lafiya.