Inda babu alƙali da kurkuku, wa ke raba gardamar jini?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai ƙabilun da suka rayu ba sarki, ba alƙali, ba gidan yari. To idan wani ya kashe wani a cikinsu, yaya ake ƙarewa? Za a ce suna da shari'a kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, masana al'adun ɗan'adam sun daɗe suna jayayya a kan wannan, kuma misalin da suka fi kawowa shi ne Nuer, makiyayan shanu na Sudan ta Kudu, waɗanda Baturen Ingila Evans-Pritchard ya yi bincike a cikinsu tsakanin 1930 da 1936.

A wurinsu a wancan zamani, wanda ya yi kisa yakan ruga gidan wani mutum mai yafa fatar damisa. Turawa sun kira shi sarki, alhali ko dogari ɗaya ba shi da shi. Shi zai tsaga hannun mai kisan har jini ya fita don ya tsarkaka, sannan ya ajiye shi a gidansa, inda ba a zubar da jini. Sai zukata sun ɗan huce zai fara zirga-zirga tsakanin dangin biyu, yana neman a karɓi diyya, shanu 40 zuwa 50. Dangin mamaci za su ƙi, kuma dole ne su ƙi, domin mai saurin karɓa kamar ya sayar da jinin ɗan'uwansa ne. Mai fatar damisa zai yi ta lallashi, a ƙarshe ya ce zai la'ance su. Nan hikimar take a ganina: barazanar ce ke ba su ƙofar sauka ba tare da kunya ba, su ce ai tilasta musu aka yi. Da waɗannan shanun akan aura wa mamacin mata, 'ya'yan da aka haifa su amsa sunansa.

Abin da ke sa a daidaita shi ne zaman tare. Kafin a biya, dangin biyu ba sa ci ba sa sha a ƙwarya ɗaya, kuma mutanen da ke kiwo a fadama guda ba za su jure haka da daɗewa ba. Idan kuwa tsakaninsu da nisa, gaba takan ɗauki shekaru ba wanda ya biya ko maraƙi.

Shi Evans-Pritchard cewa ya yi, in an tsaurara ma'ana, Nuer ba su da doka, tunda babu mai ikon zartar da hukunci. Ni ina ganin da mudun Ingila ya auna su. Akwai laifi sananne, akwai adadin diyya, akwai hanyar da kowa ya san ana bi.

Wannan maganar mudu ita ta raba wasu masana biyu. Max Gluckman ya zauna a kotun Lozi ta Zambiya, wadda suke kira kuta, kuma a 1955 ya nuna cewa alƙalansu na tambayar abin da miji ko uba mai hankali zai yi a irin wannan hali, kamar dai alƙalan Ingila. Paul Bohannan, wanda ya yi nasa binciken a cikin Tibi na Binuwai, ya ƙi yarda a 1957. Ya ce kalmarsu ta jir tana nufin zaman sauraron da kuma ƙarar kanta, kuma da zarar ka fassara ta da kalmar lauyoyin Turai, ka shigo da abin da babu shi a zuciyar Batibi.

Kai ma da ka ce shari'a, alƙali ka hango a zaune da littafi da 'yan doka a bakin ƙofa. Aikin mai fatar damisa ya fi kusa da na dattijon da ake tasowa da dare a yi sulhu kafin magana ta kai gaban alƙali, sai dai shi a bayansa babu wani alƙalin da za a je.