Na haɗa makunnan fitilu a motata, amma wayar wutar tana zafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Hilux da nake shiga ƙauyuka da ita da dare. Na ƙara mata doguwar fitilar LED mai wat 120 a sama, da ƙanana biyu masu wat 18 kowace a baya, da wurin cajin waya. Na yanke faranti na jera makunnai uku, na ja siririyar waya ɗaya daga batir zuwa farantin, na sa fiyus na amp 30 a bayan makunnan. Komai yana kamawa, sai dai siririyar wayar tana zafi, makunnin babbar fitilar ma ya fara laushi. Ina kuskurena? Daga mai karatu a Gumel.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Don Allah yau ɗin nan ka cire wayar daga kan batir, kafin ka sake tayar da motar.

Babban kuskuren yana wurin da ka ajiye fiyus ɗin. Aikin fiyus shi ne ya tsare waya, ya ƙone kafin ita ta ƙone. Yanzu duk tsawon wayar da ta taso daga batir, ta ratsa ɗakin inji, ta shigo dashbod, ba ta da mai tsaro. Idan ƙarfe ya goge robarta ta taɓa bodi, batirin mota yana iya turo ɗaruruwan amp nan take, wayar ta yi ja, ga fetur ko gas a kusa. Saboda haka fiyus a bakin batir yake zama, kada ya wuce taƙi ɗaya daga kan fozitif.

Sai lissafi. Ka raba wat da bolt 12, ka sami amp. Babbar fitilar amp 10 take ja, na bayan biyu amp 3, caja kuma ka ba ta 3. Amp 16 ke nan ta siririyar waya guda, dole ta yi zafi, kuma fiyus na 30 ba zai ko motsa ba. Ka sayi ƙaramin akwatin fiyus mai gida 6, ka ɗaure shi kusa da batir, da waya mai kauri sikwaya milimita 4 da babban fiyus na 30 a tushenta. Daga nan kowane kaya da layinsa: babbar fitila fiyus na amp 15, shuɗi, da waya mai sikwaya milimita 2.5, na baya da caja fiyus 5 kowanne, da waya 1.5.

Makunnin da ya yi laushi kuwa, nauyin da ya fi ƙarfinsa ka ɗora masa. Rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya buɗe wa babbar wuta hanya, shi zai ɗauke masa. A ƙasan rile za ka ga lambobi: 30 daga fiyus, 87 zuwa fitila, 85 zuwa bodi, 86 daga makunni. Da haka abin da zai bi ta makunnin bai kai rabin amp ba. Ni na fi son a ɗauko wutar makunnan daga layin da sai an murɗa makulli yake kawowa, don ko ka manta fitila a kunne ba za ka wayi gari batir ya mutu ba.

Kada ka sa wayar gida mai ƙarfe ɗaya, girgizar hanya karya ta take yi. Ka nemi mai zarurruka ta jan ƙarfe, ka kankare ka duba, domin akwai alminiyom da aka yi wa rufin ja. Inda za ta ratsa ƙarfe ka sa zoben roba, wayar bodi kuma ka kankare fenti kafin ka ɗaure. Babbar fitilar nan ta daji ce, ka kashe ta da zarar ka hango mota tana zuwa.

Tambaya: Fiyus na fitilun keke napep ɗina yana yawan ƙonewa, sai mai rewaya ya naɗa masa zaren waya. Da matsala? Daga Maraɗi.

Amsa: Da matsala babba, ɗan'uwa. Fiyus ɗin yana gaya maka cewa wata waya tana taɓa bodi, ko kayan sun yi wa layin yawa. Zaren da aka naɗa ba wanda ya san a amp nawa zai tsinke. Ka koma a cire shi, a bi layin a gano inda ya goge, galibi ƙarƙashin kujera ko wajen wuyan sitiyari, sannan a mayar da fiyus mai lamba irin ta wanda ya ƙone.